Tambaya da Amsa: Daidaita Saitin Dare a Kan Bindigar Farauta

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan saitin dare da mutum ya saya daban ya ɗaura wa bindigarsa. Yawancinsu daga 'yan'uwa mazauna Amurka da Ingila suka zo, inda doka ta ba manomi da maharbi damar riƙe irin waɗannan kaya. Saitin da ake magana a kai shi ne na ƙarfe mai ɗigon haske a jiki, wanda iskar tiritiyom, da ake rufewa cikin 'yar kwalbar gilashi a jikin saitin, ke haskawa, ba madubin hangen dare mai batir ba. Kafin a taɓa kowane sukuru: a cire gidan harsashi, a buɗe bindigar, a duba cikinta da ido a kuma taɓa da yatsa, a ajiye harsasai nesa da teburin aiki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata gona a wajen birnin Hustan, jihar Texas, kuma aladun daji suna yi mana ɓarna a masara. Na cire saitin gaba na bindigata Marlin 336 na sa mai haske. Tun daga nan harsashi yake sauka santimita 20 sama da inda na auna a nisan mita 50. Na sauke saitin baya har ƙarshe, bai gyaru ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sabon saitinka ya fi tsohon gajarta, kuma babu juyin da za ka yi a baya da zai cike giɓin tunda ya riga ya kai ƙasa. Ƙa'idar ita ce: saitin baya ana matsa shi zuwa inda ake so harsashi ya koma, na gaba kuwa ana matsa shi akasin haka. Gajeren saitin gaba yana sa ka ɗaga bakin bindiga kafin ka ga kansa ya daidaita da na baya, shi ya sa harsashi ke wucewa sama. Maganin shi ne saitin gaba mafi tsawo.

Tsawon da kake bukata lissafi ne, ba a yin sa da ka. Ka auna tazarar da ke tsakanin saitin baya da na gaba. A irin bindigarka mai bututun inci 20, in saitin baya a kan bututu yake, za ka samu kusan milimita 400. Sai ka ninka kuskuren da wannan tazara, ka raba da nisan harbi, duka a ma'auni ɗaya: milimita 200 sau 400, a raba da 50,000, ya ba da milimita 1.6. Da yake kamfanonin Amurka da inci suke rubuta tsawon saiti, ka raba da 25.4, ka samu kusan inci 0.063. In wanda ke kai yanzu 0.500 ne, kana neman wanda ya kusanci 0.563. Ana auna tsawon ne daga ƙasan gindin saitin har ƙololuwarsa, da ma'aunin kauri mai baki biyu irin na masu juya ƙarfe. Ruler ta makaranta ba za ta nuna maka rabin milimita ba.

Amma kada ka yi lissafin a kan harbin da ka yi saitin baya yana ƙasa. Ka mayar da shi tsakiyar matakalarsa, ka sake harbi, ka ɗauki sabon kuskuren. Zai fi 20 yawa, saitin da za ka saya ma zai ɗan fi tsawo, sai dai za ka samu sararin gyara sama da ƙasa ranar da ka canza harsashi.

Yadda ake ɗaukar kuskuren ma yana da tsari. Da rana ake yi, a zaune, goshin bindiga a kan buhun yashi, ba bututun ba. A fara a mita 25 don harsashi ya faɗa kan takarda. A harba uku, biyar sun fi, ana auna wuri ɗaya ba tare da bin ramin baya ba. A nemo tsakiyar ramukan, daga nan ake aunawa zuwa inda aka yi bara. Wanda ke juya saiti bayan kowane harbi rawar hannunsa yake bi. A bar bututu ya huce tsakanin zagaye, domin siririn bututu irin na bindigar da ke cin harsashin .30-30 yana fara watsa harsashi in ya yi zafi. Harsashin da za a fita da shi gona, da shi ake gwaji: mai nauyin giren 150 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) da mai 170 ba sa sauka wuri ɗaya.

Tambaya: Saitin gaban da na saya ya ƙi shiga kwarminsa. Na buga da guduma ya shiga kashi ɗaya cikin uku ya tsaya. In ci gaba da bugu ne, ko in faɗaɗa kwarmin?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye gudumar tukuna. A cikin saitin akwai 'yar kwalbar gilashi da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, bugu mai ƙarfi yana fasa ta ko ya saki gam ɗin da ke riƙe da ita. Kwarmin kuma kada ka taɓa shi. Saiti abu ne mai sauƙin saye, bututu kuwa in an ci ƙarfensa ya ciwu ke nan.

Kwarmin da ke kan yawancin bindigogin farautar Amurka, irin su Marlin da Winchester da Henry, faɗinsa inci 3/8 ne, kuma masu ƙera saiti da gangan suke barin gindinsa da ɗan ƙiba don a gyara shi ya dace da kowace bindiga. Bisa al'ada ana shigar da shi daga dama zuwa hagu, a fitar da shi daga hagu zuwa dama, in kana bayan bindiga kamar mai harbi. Ka fitar da naka. Ka shimfiɗa takardar gogewa mai laushi a kan gilashi ko ka ajiye lallausan magagari a kwance, ka goga ƙasan gindin saitin sau huɗu ko biyar, ka gwada. Abin da kake nema shi ne ya shiga kusan rabi da ƙarfin yatsa. In ka shafa tawadar maka a gindin kafin ka gwada, inda ta goge nan ne yake cijewa. Ka tuna duk abin da ka ci a ƙasa ya ragu daga tsawon saitin, don haka a hankali.

Sauran rabin, abin tura saiti mai sukuru ya fi dacewa da shi. In babu, sandar tagulla ko ta roba mai tauri da ƙaramar guduma, a ɗora sandar a kan gindin saitin, ba a kan tsinken da ke ɗauke da hasken ba. A matse bututun a tsakanin katako biyu daf da wurin bugu don kada ya riƙa tsalle.

Gyaran hagu da dama a irin wannan bindiga da turawa ake yi. Harsashi yana sauka hagu, a tura saitin baya dama, ko na gaba hagu. Lissafin nan dai na amsar farko: kuskuren santimita 10 a mita 50, da tazarar milimita 400, turawar milimita 0.8 kawai yake so. Ido ba ya kama wannan, sai an ja layi da fensir a kan saiti da bututu kafin a fara. A sa na gaba a tsakiya a yi gyaran a baya. Saitin gaba da ya karkace gefe yana jan ido.

In an yi rashin sa'a an ci ƙarfe da yawa har saitin yana zamewa, ɗigon gam ɗin sukuru a cikin kwarmin yana riƙe shi, bayan an wanke wurin da sifirit. Mai shuɗin launi, Loctite 242 ko 243, yana kwancewa da kayan hannu. Jan, wato 271, sai an gasa shi kusan digiri 250 a ma'aunin Salsiyas kafin ya saki, zafin da kwalbar tiritiyom ba za ta jure ba. Wasu kamfanoni jan suke cewa a sa. In za ka bi su, ka gama duk gyaranka tukuna. A bar gam ya kwana ya wuni, awa 24, kafin harbi.

Tambaya: Bindigata ƙirar AR-15 ce. Tsinken gaba mai haske da na sa fuska ɗaya kawai yake da haske. In na juya shi ƙas ɗaya don gyara sama da ƙasa, hasken ya koma kallon gefe. In na yi cikakken zagaye kuma gyaran ya wuce kima. Yaya ake yi?

Amsa: Malam, laifin ƙirar tsinken ne, ba naka ba. Tsinken asali mai kusurwa huɗu ne, duk fuskokinsa iri ɗaya, shi ya sa ake juya shi rubu'i-rubu'i. Zaren sukurunsa 36 ne a kowane inci, wato cikakken zagaye yana ɗaga shi ko sauke shi kusan milimita 0.7, ƙas ɗaya kuma kusan 0.18. A doguwar bindiga mai tazarar saiti kusan milimita 500, ƙas ɗaya yana matsar da harsashi santimita 3.5 a mita 100, cikakken zagaye santimita 14. A gajeriyar mai tazarar milimita 370, ƙas ɗaya kusan santimita 5 ne, zagaye kusan 19. Ka ga dalilin da gyaran ke tsallake inda kake so.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka kai tsinken zagayen da ya fi kusa, ka ƙarasa a baya in saitin bayanka yana da ƙafar juyawa ta sama da ƙasa, kamar na ƙirar A2, wato irin saitin bindigar sojan Amurka M16A2. Yawancin saitunan baya masu naɗewa ba su da ita, hagu da dama kawai suke gyarawa. In irin wannan gare ka, ka duba girman abin da ya rage: mafi munin kuskure shi ne rabin zagaye, santimita 7 a mita 100 a doguwar bindiga, wato 3.5 a mita 50. Ga aladen daji a nisan da ido ke iya gani da magariba, wannan bai kai a damu ba. In kuwa kana son daidai wa daida, ka sayi tsinke mai gida biyu, wanda gindinsa ke juyawa kansa yana nan yana kallonka, ko mai haske a fuska biyu da ake juyawa rabi-rabi. A ra'ayinmu mai gida biyu shi ne ya cancanci kuɗinsa.

Abu uku ke ɓata wannan aiki. Na farko kibiyar da ke jikin gindin saiti mai rubutun UP: tana nufin inda harsashi zai koma, ba tsinken ba. Juyawa ta bin hannun agogo tana nutsar da tsinke, harsashi ya hau. Na biyu kayan juyawa: makullin tsinken asali mai haƙori huɗu sau da yawa ba ya shiga kan tsinke mai haske saboda kaurinsa, mutum ya ɗauko filaya, ya matse, kwalba ta fashe. Ka yi amfani da makullin da ya zo cikin kwalin. Na uku 'yar kusar da ke kulle tsinken tana kan sifirin. In ka zare tsinken gaba ɗaya ba ka danne ta ba, ta yi tsalle ta ɓace.

In ka kwance tsinken har ya fara girgiɗi amma harsashi yana sama, duba gefen hagu na gindin saitin gaba. In bindigar mai shimfiɗaɗɗen sama ce kuma babu harafin F a wurin, gindin gajere ne, kana bukatar tsinken da ya fi na asali tsawo da inci 0.040.

Tambaya: Da rana bindigata tana bugun tsakiya. Da almuru, da saitin nan dai da harsashin nan dai, sai in riƙa wucewa ta saman dabba. Ko duhu yana canza tafiyar harsashi?

Amsa: Duhu ba ruwansa da harsashi, ɗan'uwa. Abin da ya canza shi ne wurin da idonka ke kamawa a jikin tsinken. Da rana kana ɗora ƙololuwar tsinke a kan abin hari. Da duhu ba ka ganin ƙololuwar, ɗigon haske kake gani, shi kuwa ɗigon yana ƙasa da ita, domin dole a bar ƙarfe a samansa ya kare kwalbar. Da ka ɗora ɗigon inda ka saba ɗora ƙololuwa, ka ɗaga bakin bindiga da wannan 'yar tazara ba ka sani ba.

Tazarar ƙarama ce a ido, a fili kuwa babba ce. A ce tsakiyar ɗigon tana milimita 1.5 ƙasa da ƙololuwa, tazarar saitinka milimita 500. A mita 50 harsashi zai hau santimita 15, a mita 100 santimita 30. A gajeriyar bindiga abin ya fi haka. Ƙirjin barewa daga sama zuwa ƙasa bai fi wannan da yawa ba, don haka wucewa ta samanta ba abin mamaki ba ne.

Saiti ɗaya ba zai yi daidai da wuri biyu ba, sai ka zaɓa. In aikin bindigar na magariba da asuba ne, ka daidaita ta da ɗigon: da rana tsaka ka yi gwaji kana rufe tsakiyar takarda da ɗigon, yawancinsu suna da farin zobe a kewaye da ake gani da rana, daga nan kuma kullum da ɗigon za ka riƙa bara, rana ko dare. Hasararsa ita ce ɗigon yana rufe ƙaramin abu a nesa. In kuwa yawancin harbinka na rana ne, ka bar ta a ƙololuwa, ka auna bambancin a takarda, ka san cewa da duhu ƙasa-ƙasa za ka kama. Mu dai hanyar farko muka fi ba da shawara, domin mutum a cikin gaggawa ba ya tuna lissafi.

Akwai ƙarin abubuwa biyu da ke shiga ciki. In saitin bayanka zobe ne mai kafa biyu, ƙarama ta rana da babba ta duhu, to a ƙirar A2 tsakiyarsu ba a layi ɗaya take ba. Babbar, mai faɗin kusan milimita 5, an yi ta ne don nisan kusa, tana sauke harsashi ƙasa da ƙaramar, kuma da yake zoben a kan zaren sukuru yake juyawa, kifa shi yana ɗan matsar da shi gefe. Da kafar da za ka yi harbin dare za ka yi gwaji. Ana kuma sayar da zoben da kafofinsa biyu ke layi ɗaya. Abu na biyu kumatu: babbar kafa tana yafe wa ido ya zauna ko'ina a cikinta, da duhu kuma ba ka ganin bakin zoben sosai. In kumatunka bai sauka wuri ɗaya a gindin bindiga kowane harbi ba, ramuka za su watse. Ɗan salatif da aka manna a inda kumatu ke sauka yana taimakawa.

Bayan gwajin rana, dole a maimaita da almuru a filin harbi da ya yarda da haka: farar takarda babba, mita 25 sannan 50, harsashi biyar-biyar. Abin da wannan takarda ta nuna shi ne gaskiyar saitinka, ba ta rana ba.

Tambaya: Ina ganin ɗigon tangaran amma ba na ganin dabbar. In sayi wanda ya fi haske?

Amsa: A'a, Malam, ƙara lalacewa zai yi. Tiritiyom saiti yake nuna maka, ba ya haska komai a gabanka, kuma ɗigo mai ƙarfi, musamman na baya da ke kusa da ido, yana danne ɗan abin da kake gani. Shi ya sa maharba da yawa suke sa haske a gaba kawai su bar baya baƙi, ko su dusashe na baya da tawadar maka. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya yana mayar da shi baya.

Amfanin wannan saiti yana tsakanin faɗuwar rana da rufewar duhu, da jijjifi, da daren farin wata a fili. Abin da ba ka tantance shi da abin da ke bayansa ba, ba a harbinsa. Inuwa mai motsi a bakin gona tana iya zama maraƙi ko ma'aikaci. In duhu ya rufe sai fitila, inda doka ta yarda. A Texas ana iya harbin aladun daji da dare a gonar mutum da izinin mai ita, kuma tun 2019 ba a bukatar lasin farauta don hakan. Barewa kuwa daga minti 30 kafin fitowar rana ne zuwa minti 30 bayan faɗuwarta. Kowace jiha da nata tsarin.

Tambaya: Saitina ya dushe. Na haska shi da tocila, na shanya shi a rana, bai ƙaru ba. Kuma matata tana tsoron wai yana da guba.

Amsa: Ba ya cin caji. Tiritiyom wani nau'in iskar haidurojin ne da ke fitar da raunanan ƙwayoyin lantarki, su bugi hodar da aka shafe cikin kwalbar da ita, ta yi haske. Iskar tana raguwa da kanta: rabi a shekara 12.3, saura rubu'i a kusan shekara 25. Bayan shekara 6 kana da kusan kashi 70 cikin 100. Agogon ya fara ne daga ranar da aka cika kwalbar, ba ranar da ka saya ba, don haka saitin da ya daɗe a kanti ya riga ya ci wani abu daga shekarunsa; wasu kamfanoni suna buga shekarar a jikin ƙarfen ko kwali. Kore ya fi fitowa a ido kuma ya fi jimawa ana ganinsa. Kamfanin Trijicon na jihar Michigan yana ba kore garantin shekara 12, mai ruwan lemo kuwa 5. In naka tocila tana ƙara masa haske na ɗan lokaci sannan ya mutu, fenti ne mai shan haske aka sayar maka.

Kafin ka yanke hukunci ka share fuskar ɗigon da auduga da ruwan sabulu. Mai da toka suna toshe ta. Kada ka jiƙa shi a asiton, ko man wanke birki, ko injin wanki mai girgiza ruwa, suna cin gam da farin zoben. Ka shiga ɗaki mai duhu ka jira minti 10 kafin ka duba. Dushewa a hankali tsufa ne. Mutuwa dare ɗaya kuwa fashewa ce, kuma ba a cika kwalbar a gida, sai a mayar wa kamfani ko a sayi sabo.

Ka kwantar wa uwargida da hankali. Abin da tiritiyom ke fitarwa ba ya ratsa gilashin, ba ya ma ratsa fatar mutum. Inda ake kiyayewa shi ne shaƙa in kwalbar ta fashe: a buɗe tagogi, a fita daga ɗakin na ɗan lokaci, a wanke hannu. Adadin da ke cikin saiti kaɗan ne, kuma a Amurka hukumar kula da harkokin nukiliya ce ke ba kamfanonin lasin sayar da shi. Tsoffin kayan soja masu fentin radiyom su ne abin tsoro na gaske. Ba a kankare su.

Tambaya: Daga Kano nake. Ƙanena yana Amurka, ina so ya sako mini irin wannan saiti a cikin kaya.

Amsa: Alhaji, kada ka jefa shi cikin matsala. Kayan saitin bindiga suna cikin abubuwan da Amurka ke sa wa ido wajen fitarwa. A Najeriya ma makamai da kayan ganin dare suna bukatar takardar shaidar mai amfani daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro kafin a shigo da su. Ita kanta bindigar, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa ta uku: irin ta soja da ƙananan bindigogin hannu sai da izinin Shugaban Ƙasa, ta farauta da ta iska sai da lasin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, ta gargajiya mai ɗurin baki kuwa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. In kana da lasi, ka bi ta dillalin makamai mai rajista.

Tambaya: Ina aiki a gonar kaji a Ingila, ina harbin ɓeraye da bindigar iska mai sifirin. Na ɗaura saiti mai haske, yau daidai gobe ya kauce. A kusa kuma harsashin yana sauka ƙasa.

Amsa: Malama, fara da sukurori. Bindigar sifirin tana girgiza gaba da baya a kowane harbi, girgizar da ke kwance abin da bindigar wuta ma ba ta kwancewa. Duba na saitin, sannan na katakon da ke riƙe jikin bindigar, biyu a gaba ɗaya a wajen kunama. Su ne aka fi mantawa. Cire su, wanke da sifirit, sa ɗigon shuɗin gam, ɗaure daidai. Ƙananan sukurorin saiti ƙarfin ɗauri na inci-fam 15 zuwa 20 ya ishe su, fiye da haka zare ya ci. Ki kuma duba faɗin layin da saitin baya ya kama: na bindigar iska yawanci milimita 11 ne, saitin da aka yi wa layin inci 3/8, wato milimita 9.5, yana zama a karkace yana kuma ja da baya. In akwai ramin kusar tsayarwa a saman bindigar, ki sa kusar a ciki.

In bindigar mai karyewa ce, wurin da saitin baya ya zauna yana da muhimmanci. In duka biyun suna kan bututu, tare suke motsi. In na baya yana kan jiki na gaba yana kan bututu, duk ranar da bututun bai kulle daidai ba saiti ya kauce. Ki matse sukurun maƙogwaron har bututu ya daina girgiɗi gefe. Riƙo ma yana canza inda harsashi ke sauka. Irin wannan bindiga ba a ɗora ta kai tsaye a kan katako ko ƙarfe, a tafin hannu ake kwantar da ita, wuri ɗaya, ba a matse ba.

Saukar ƙasa a kusa ba lalacewa ba ce. Saiti yana saman bututu da kusan santimita 2, harsashi daga ƙasa yake tasowa ya haɗu da layin ido a nisan da aka daidaita. In kin daidaita a mita 15, a mita 3 zai sauka kusan santimita 1 ƙasa, kuma a kan ɓera wannan ya isa a kuskure ko a raunata shi. Ki auna nisan da kika fi harbi a rumbun, ki daidaita a nan, sannan ki gwada takarda a mita 3, 5, 10 da 20 ki rubuta bambancin a salatif a gindin bindiga. Ɗigon haske mai girma yana rufe ɓera gaba ɗaya a mita 15, don haka ƙaramin ɗigo ya fi miki, tare da jar fitila mara ƙarfi a rumbun. A Ingila da Wales bindigar iska da ba ta wuce ƙarfin fut-fam 12 ba, kusan jul 16, ba ta bukatar lasi, amma a Scotland ana neman takarda. Ki sa katako mai kauri ko buhun yashi a bayan inda kike harbi, domin harsashin darma yana dawowa daga siminti, kuma ki tsince wanda ya faɗi kusa da abincin kaji.